Wayar Gida, Wadda Kowa Zai Ɗauka

Mu nan Gwarzo da Kabo yawancinmu ba mu gaji igiyar tarho a jikin bango ba. Zamanin NITEL layukan ƙasar gaba ɗaya wajen dubu 400 ne, ina za su kai ƙauye? Mai son jin muryar ɗansa a Legas sai ya hau mota zuwa Kano, ko ya ba direba saƙo. Da MTN da Econet suka zo a 2001, minti naira 50, muka koma ƙarƙashin lema muna magana ido na kan agogo.

Yanzu kuwa kowa da wayarsa a aljihu, amma gida ba shi da tasa. Wannan shi ke damuna. Ka kira Hajiya daga Makka, a ce wayar na wajen mai caji, ko jika ya fita da ita. Ita kuma wayar shafa ba ta yi mata ba. So take abu ya yi ƙara a wuri ɗaya, ta ɗaga, ta ce salamu alaikum.

Shi ya sa a majalisa ake ta zancen wayar girke. Wasunmu sun sayi ta tebur mai cin layi, an ɗora ta kan kwaba an rufa mata ƙyalle saboda ƙura. Masu rauta a gida kuma suna da wata hanyar. Akwai ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, kafa ɗaya ta shiga rauta, ɗaya ta karɓi igiyar tsohuwar wayar tarho, sai a yi rajista da kamfanin da ke ba da lamba ta intanet. Gidan da ke da tsofaffin igiyoyi a bango, irin na Nasarawa a Kano, akwatin nan zai iya tayar da duk soket ɗin ɗakuna. Sai dai a fara cire igiyar da ta shigo daga turken waje, kada wata wuta ta biyo ta ƙona akwatin.

Abin da mutane ke mantawa shi ne tsohon layi da wutarsa yake zuwa daga ofishin waya, ko an ɗauke wuta yana aiki. Layin akwatin nan kuwa da rauta ta mutu ya yi shiru. To mu da muka san halin wutarmu, kada a soma sai da sola da batir, a kuma sa wani yaro ya riƙa duba data kafin ta ƙare. Naƙuda ko ciwon dare in ya taso, daga Getso ko Garo, lambar da za a kira a samu mutum ake nema, don haka a bar ƙaramar waya mai maɓalli da caji a kusa da wayar girken.