Dodon Ƙwaryar Uwargida

Tashe dai ba a san shi da ban tsoro ba. Daga goma ga azumi, in an sha ruwa an sallame asham, yara su fito da gemun auduga da tumbin tsumma, wannan ya zama tsoho, wancan Jatau mai magani, 'yan mata su ɗauko Mairama da Daudu, a bi gida-gida ana samun gero ko 'yan canji. A Kano har sarkin gwagware gare su, Nalako. Haka muka taso muka tarar a Gagarawa, kuma da an ƙyale ni, da haka zan bar shi.

Ɗan ƙanwata ne ya zo daga Kano da waya, ya nuna mini abin da mutanen Amurka ke yi duk 31 ga Oktoba. Su rarake kabewa, su yanka mata ido da haƙora, su kunna kyandir a ciki, yaransu kuma su yi shigar fatalwa suna bin gidaje neman alawa. Na ce ai tashe ne wannan, sai dai nasu da almubazzaranci.

"Kawu, amma kai ba za ka iya irinsa ba, ko?"

A gaban 'ya'yana ya faɗa. To ina mafita?

Kabewa ɗaya ce a gidan, uwargida kuwa ta ce, "Malam, ta taushe ce. Wanda ya taɓa ta, da ruwa zai yi sahur." Na jira ta tafi tafsiri, na leƙa ƙarƙashin gado, na jawo wata ƙwarya mai zane da ni dai a ganina ba ta aikin komai.

Aikin kam ya yi kyau, ko maƙiyi zai shaida. Na gasa ƙusa a wuta na huda idanu. Na fere kara na jera haƙora, na manne su da jiƙaƙƙen ƙaro. Fuska ta sha baƙin tukunya, leɓe ya sha zoborodo mai kauri har yana ɗiga kamar jini. Na warware igiyar rama ta zama gashi, ƙahonin ragon layyar bara suka hau kai, tsohon buhun riɗi ya zama riga. Kyandir da buhu ba sa shiri, don haka na ɗaure 'yar tocila a ciki. Da magariba na rataye shi a reshen darbejiyar ƙofar gida don ƙaro ya bushe, na shiga na sha kunun tsamiyata, na manta da shi ɗungurum. Ɗan Kano kuwa kafin ya kwanta ya lallaɓa ya kunna tocilar, wai ya ɗauki hoto.

Can cikin dare wata ya faɗi, iska ta taso. Mai tashin sahur ya shigo lungunmu yana buga gwangwaninsa, sai kiɗan ya yanke a tsakiya, ihu ya maye gurbinsa. Na fito da gora in ceci bawan Allah. Ina ɗaga kai, ga wani abu mai ƙaho yana lilo a sama, idanu na ci da wuta, ya juyo a hankali ya dube ni.

Masu cewa na gudu sharri suke yi mini. Komawa na yi in ɗauko carbi, randar zaure ce ta tare mini hanya, muka faɗi tare.

Kafin ka ce kwabo unguwa ta taru, amma daga nesa. Maƙwabcina malami yana ta tofi, muryarsa na rawa. Wani ya rantse ya sha ganin abin nan a gindin kuka wajen layin dogon Nguru tun yana yaro. Wani ya ce ba shi ba ne, ƙanensa ne. Ni kuwa a lokacin na tuna, amma ina jiƙe sharkaf a tsakiyar dattawa, na ga ba lokacin bayani ba ne.

Sai ga Iya, tsohuwar da ta girmi kowa a lungun, tana dogara sanda. Ta je har gindin bishiyar, ta ɗaga aci-balbal, ta ƙura ido.

"Kai, ɗan nan! Wannan ba ƙwaryar furar matarka ba ce? Ni na kai ta ɗakinta ranar jere."

Tana rufe baki ladan ya yi kiran assalatu. Rabin unguwa suka yi ɗore.

Ranar Alhamis na hau mota har kasuwar Maigatari na sayo ƙwarya sabuwa fil, uwargida ta juya ta, ta ƙwanƙwasa, ta ce fura ba za ta yi daɗi a cikinta ba. Yara suka fita tashe da dodon, 'yan yaye ma dariya suka riƙa yi masa, aka tara canji ba wanda ya ba ni ko naira biyar. Mai gwangwani kuwa har aka ga watan Sallah bai sake biyowa ta lungunmu ba. In ya zo kwana sai ya tsaya daga can ya ƙwala, "Mutanen gidan dodo, ku tashi kanku!"