An Yafe Muku, Amma Ku Kawo Kuɗin

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki, mutanen Marché Central ta Duwala. Alhaji mai atamfa zai gyara zama a bencinsa ya ce, "Malam, ina ruwanmu da bashin gwamnati? Wanda ya ci shi ya biya." Mai canjin da ke gefensa zai ɗora da cewa duk zancen yafe bashi tatsuniyar Turawa ce, shi tun da yake bai taɓa ganin Bature ya bar wa wani sisinsa ba. Can bayan rumfa kuma ɗan bensikin zai kashe babur ya ɗaga murya: a ƙi biya kawai, a ga abin da zai ture wa buzu naɗi. Dukanku ina da magana da ku, kuma ba wanda zai tashi da hularsa daidai.

Mai canji, da kai zan fara, tun da kai ne mai lissafi. An yafe wa Kamaru bashi, kuma kana New Bell aka yi. Ka manta shekarun da ba a buɗe rediyo sai an ji PPTE? Shirin nan ne da Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya, FMI, suka fito da shi a 1996 domin ƙasashe matalauta da bashi ya yi wa katutu. Kamaru ta shiga layi a Oktoban 2000. Aka ce sai ta cika sharuɗɗa kafin ta kai matakin ƙarshe, wanda har masu tallan gyaɗa suka iya faɗin sunansa da Faransanci, point d'achèvement. A 2004 ta yi tuntuɓe, shirinta da FMI ya wargaje, aka koma baya. Sai ƙarshen Afrilun 2006 aka ce ta ci jarrabawa. A watan Yunin shekarar Kulob ɗin Paris, wato taron gwamnatocin da ke bin ƙasashe bashi, wanda ke zama a ma'aikatar kuɗin Faransa tun 1956, ya zauna a kan Kamaru. Bashin da ya kai wajen dala biliyan 3.5 ya dawo miliyan 27. Ɗauko kalkuletarka ka buga, ina jira.

'Yan'uwanku na Kano da ke sauko da kaya ma za su ba ku nasu labarin. A Oktoban 2005, zamanin Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala, wannan kulob ɗin ya share wa Najeriya dala biliyan 18 daga cikin 30, da sharaɗin ta zube sauran biliyan 12 da 'yan kai. Ta zube kuwa, da kuɗin mai, ta gama a Afrilun 2006.

Na ga kana murmushi, ka ji "sharaɗi". To, kada ka yi saurin tafi, amma a nan kana da 'yar gaskiya. Faransa, wadda ta fi kowa bin Kamaru a lokacin, ta yi tata yafiyar ta wata hanya da ake kira C2D. Ga yadda take: Kamaru ta ci gaba da biyan bashin a kan lokaci kamar ba a yafe ba, in kuɗin ya isa Paris sai Faransa ta maido da kwatankwacinsa cikin wani asusu a babban bankin BEAC, kuma ba a taɓa shi sai ɓangarorin biyu sun amince da aikin da za a yi. Kamar uban gidanka ne ya kira ka ya ce, "Na yafe maka, amma duk wata ka kawo kuɗin. Zan riƙa saya maka kwanon rufi da su, ni zan duba ko ɗakin ya dace a rufe." An sa hannu a kan na farko a Yunin 2006, yuro miliyan 537. Na biyu a 2011, miliyan 326. Na uku a 2016, miliyan 611. Da wannan kuɗi aka gyara wasu titunan Duwala da Yawunde, aka biya dubban malaman firamare na kwantiragi, aka sa wani kaso a gada ta biyu ta kogin Wouri, wadda kamfanin Faransa Sogea-Satom ya gina. Duk wanda ya taɓa kwana rabin yini a tsohuwar gadar yana son ƙetarawa Bonabéri da buhunan albasa ba zai ce gadar nan tatsuniya ce ba. Amma wanda ya ce kuɗin ya zaga ya koma aljihun mutanen mai yafiyar, shi ma ba za a ce ya yi ƙarya ba. Ni ra'ayina, da a bar kuɗin a hannun manyanmu ba mai dubawa, gara wannan zagayen. In kun ce na ci fuskar manya, ku tuna firaministan da aka kai matakin ƙarshe a zamaninsa, Ephraim Inoni, da ministan kuɗin lokacin, Polycarpe Abah Abah, dukansu daga baya gidan yarin Kondengui suka sauka a kan wasu shari'o'in almundahana.

Yanzu kai, Alhaji. Allah ya ja da ranka, "wanda ya ci shi ya biya" magana ce mai daɗin faɗa, amma a wannan kasuwar ba a taɓa yin haka ba. Shekarunka sun kai ka tuna 1993, lokacin da aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu cikin shekara guda. Su wa ke sayen turmin atamfarka a ƙarshen wata in ba matan ma'aikata ba? Ka tuna safiyar 12 ga Janairun 1994, da aka tashi aka tarar an karya sefa gida biyu a taron Dakar: faran guda na Faransa da ake saya sefa 50 ya koma 100. Kayan da ka yi oda suna tashar jirgin ruwa, kuɗinsu ya ninka kana barci. Duk wannan daga ina? Daga zaman da ake yi da masu bin bashi. A 1987 Shugaba Paul Biya ya nuna Kamaru ba za ta je wurin FMI ba, a 1988 ta je. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. Askin ne ya zo da sayar da kamfanonin gwamnati, jirgin ƙasa ya zama Camrail a 1999, kamfanin lantarki SONEL ya koma hannun AES a 2001. Shi ne kuma ya zo da harajin TVA a 1999, wanda yau yake kashi 19.25 cikin ɗari. Ba ka sa hannu a ko'ina ba, na yarda. Amma duk rasit ɗin da ka karɓa daga babban dila, hannunka na ciki.

Kuma ina ganin littafinka, Alhaji, wancan mai bangon shuɗi da kake turawa ƙarƙashin daddumar salla in an yi baƙo. Shafukansa sun yi laushi saboda damshin Duwala, biro ya jiƙe ya bazu. Kowane suna da layinsa: wance turmi biyu, ta kawo rabi, wane tela yadi goma, sai bayan salla. Wasu an soke su da layi ɗaya, sun biya. Wasu an soke su da layi biyu da ƙarfi har takardar ta yage, waɗannan ka haƙura ne, ba don kana so ba. Mutumin da ke riƙe da irin wannan littafi, wanda ya san wa ake ɗaga wa ƙafa, wa ake aika wa yaro, wa ake tarewa a ƙofar masallaci bayan Juma'a, shi ne zai ce min bai gane abin da ake yi a Paris ba? Haba Alhaji. Ka fi ministoci da yawa ganewa, ƙyuya ce kawai.

Saura kai, ɗan samari mai babur. Kai ne ka fi kowa biya, shi ya sa ka fi kowa zafi. A Fabrairun 2023 litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730. Shekara na zagayowa, a Fabrairun 2024, ta koma 840. Rage tallafin mai na cikin abin da FMI ta daɗe tana matsa wa gwamnati a kai, a ƙarƙashin shirin da aka ƙulla a Yulin 2021 na dala miliyan 689.5. Kai ne ke tsayawa a Ndokoti kana jayayya da fasinja a kan sefa 50, yana ce maka ɓarawo, alhali ɓarawon bai san hanyar Ndokoti ba. Yayyenka ma sun yi wannan fushin: a ƙarshen Fabrairun 2008, ko shekara biyu ba a yi da yafiyar ba, yajin aikin direbobi a kan farashin mai ya rikiɗe ya zama tarzoma a Duwala da wasu garuruwa, gwamnati da bakinta ta ce mutum 40 suka mutu.

Shawararka ta a ƙi biya ba sabuwa ba ce. Thomas Sankara ya kai ta taron shugabannin Afirka a Addis Ababa a Yulin 1987, ya nemi a haɗa kai a ƙi biya gaba ɗaya, don ya san ƙasa guda ba za ta iya ita kaɗai ba. An tafa masa, ba wanda ya bi shi, a Oktoban shekarar aka kashe shi. Waɗanda suka daina biya a zamaninka kuwa ba jarunta ta sa su ba, aljihu ne ya ƙone. Zambiya ta gaza a Nuwamban 2020, daga baya ta shiga sabon tsarin sassauta bashi da ƙasashen G20 suka kafa a wannan watan, amma sai Yunin 2023 ta samu daidaito da gwamnatocin da ke binta, 'yan kasuwa masu riƙe da takardun bashinta kuma sai 2024. Gana ta dakatar da biya a Disamban 2022, har tsofaffi masu fansho suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Akara don kada a taɓa musu ajiyarsu. Maƙwabciyarmu Chadi ita ta fara neman shiga tsarin, a Janairun 2021. Ta yi kusan shekara biyu ana ja da kamfanin Glencore mai binta bashin mai, da aka tashi a Nuwamban 2022 ba a rage mata uwar kuɗin ba, an dai ɗan sassauta lokaci. Ka tambayi direbobin tirela da ke ɗaukar kaya daga tashar Duwala zuwa Njamena ko sun ga canji.

Abin da ya sa zaman yanzu ya fi na 2006 wuya shi ne teburin ya cika da sababbin fuskoki. A da masu bin Kamaru bashi duk sun san juna, ɗaki guda ke ɗaukarsu. Bayan an share allo sai muka sake rubutu, da hannu bibbiyu. Sin, wadda ba mamba ba ce a Kulob ɗin Paris, ta zama babbar mai binmu cikin ƙasashe: bankinta na Exim ya ba da kuɗin tashar jirgin ruwa ta Kribi, da madatsar Memve'ele, da babbar hanyar Yawunde zuwa Duwala, wadda aka fara a 2014 kuma har yau mu na wannan ɓangaren labarinta muke ji. A 2019 ta yafe wajen dala miliyan 78, ta kuma ɗaga lokacin biyan wani kaso, ita kaɗai da gwamnati, ba a gaban kowa ba. Filin ƙwallon Japoma da kuka cika lokacin gasar Afirka a farkon 2022, da bashin bankin Turkiyya aka gina shi. Sannan ga kasuwar takardun lamuni: a Nuwamban 2015 Kamaru ta ciwo dala miliyan 750 da ruwan kashi 9.5 cikin ɗari. A 2021 ta sake ciwo yuro miliyan 685 da ruwan kashi 5.95, mafi yawansa don ta biya na 2015. Su waɗannan masu takardun ba gwamnati ba ne balle a kira shugabansu a waya, kamfanonin zuba jari ne a Landan da Niyok, kuma ba su san PPTE ba. Kowa cikin masu bin bashin yana tsoron ya sassauta a ɗauki sassaucinsa a biya wani. Shi ya sa ake shekara uku ana shan shayi a otal.

Liman na ji, na san zai ce tun farko riba ce ta jawo. Allah ya gafarta Malam, ba na musu da kai. Sai dai ka tuna wa jama'a cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Hukumar CAA a Yawunde tana fitar da alƙaluman bashin ƙasa a kai a kai, jimla ce ake gani. Sharuɗɗan da ke cikin kowace yarjejeniya, me aka jinginar, wa za a fara biya in abu ya ɓaci, waɗannan ba a karanta wa kowa su a kasuwa. Gwamnati na cewa bashinmu bai kai rabin abin da ƙasa ke samarwa a shekara ba, alhali iyakar da ƙungiyar ƙasashen yankinmu, CEMAC, ta sa kashi 70 ce. Gaskiya ne. FMI kuma na cewa Kamaru na cikin ƙasashen da ke da babban haɗarin kasa biya. Shi ma gaskiya ne, don ba da abin da ƙasa ke samarwa ake biya ba, da harajin da aka tara da kuɗin waje da aka samu ake biya.

Akwai kuma masu bin gwamnati bashi da ba su da kujera a kowane teburi, wasunsu ma kun san su. Ɗan kwangilar da ya kai wa wata ma'aikata kaya, takardarsa ta kwanta a baitulmali shekara da shekaru. Shi yana riƙe da kuɗin babban dila a Mboppi, dila yana riƙe da kuɗin mai shago a Marché Congo, mai shagon kuma sunansa na cikin littafin wani a nan rumfar. Na waje in an makara masa kwana kaɗan sai kamfanonin auna darajar bashi su rage wa ƙasa maki, jaridun duniya su ɗauka. Na gida in ya yi magana sai a ce ya dawo wata mai zuwa. A Yulin 2024 gwamnati ta ciwo dala miliyan 550 daga waje da ruwa mai tsada, ta ce za ta rage irin wannan bashin na gida da shi. Wato an ci na Landan don a biya na Akwa. Mai canji, kalkuletar na hannunka har yanzu? Na 2021 ɗin nan sai 2032 za a gama biyansa, ka buga mana shekarun ɗan bensikin a lokacin.