Bokiti a Ƙarƙashin Fitilar Alfarma

Manchesta, Ingila

Zuwa ga taubashina, bawana na gado,

Ina fata kana lafiya, kai da iyali da Goggo da duk mutanen gida. Yaya kaka? An ce mini geron gonar hanyar Kiyawa ya yi kyau bana. To ka ji tsoron Allah ka ware mini rabona, kada in dawo ka ce gara ta cinye, don na san garar nan, ƙafa biyu gare ta, har hula take sawa.

Saƙonka na murya ya iso, na kuma saurare shi har ƙarshe, duk da rabinsa tari ne da kukan akuya. Na ji shawarar da ka kawo, wai a rushe zauren Kaka a zuba shaguna huɗu na bulo. Zan zo kanta. Bari in fara ba ka labarin inda muka kwana a makon jiya, don amsarka tana ciki.

Yara sun daɗe suna damuna in kai su Bilakful. Gari ne a bakin teku, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a jirgin ƙasa daga nan. Duk shekara idan sanyi ya fara shigowa sai su kunna fitilun ado a bakin ruwa, tsawon kusan kilomita 10, abin da suka faro tun 1879. Suna da hasumiyar ƙarfe mai tsayin mita 158 da aka buɗe a 1894, an kwaikwayo ta birnin Faris, ga taragon lantarki da yake yawo a bakin tekun tun 1885. Kai da ganin fitilar kan titin sakateriya yake sa ka tsayar da babur, da ka zo nan sai an ɗauke ka a ranga-ranga.

Garin nan auduga ce ta raya shi. Tun da layin dogo ya iso shi a 1846, masaƙun wannan yanki sukan rufe na mako guda a shekara, gari bayan gari, ma'aikata su kwashi iyali su cika jirage zuwa bakin teku. Talaka ya kama ɗan ɗaki a lungu, masu masaƙa da manyan attajirai kuma aka gina musu otal-otal na alfarma masu fuskantar ruwa. Bayan jirgi ya isa Kano a 1911, audugar ƙasar Zazzau da Funtuwa tana cikin wadda take shigowa masaƙun nan. Shi ya sa na ce da uwargida, garin nan akwai gumin kakanninmu a ciki, tunda kuma ta ci jarrabawarta ta aikin jinya, a ɗaya daga cikin manyan za mu sauka. Na duba hotuna a intanet, gini ne na zamanin Sarauniya Biktoriya, ga labule har ƙasa, ga gado mai rumfa. Fam 190 kwana ɗaya. Kada ka wahalar da yatsunka, na yi maka lissafin: a canjin ranar da na biya ya doshi naira 380,000. Na san ka riga ka mayar da shi tumaki a kasuwar Shuwarin.

Daga waje, wallahi, ginin ya cika ido. Na tsaya da akwati a hannu ina kallon aikin magina na da, kowace taga da adonta, kowane ginshiƙi da sassaƙarsa. Muna shiga zauren karɓar baƙi, ga wata ƙatuwar fitila mai ɗaruruwan gilasai tana reto daga rufi. A ƙarƙashinta daidai, a tsakiyar kafet, bokitin roba ne ja, irin na wanki, ruwa yana ɗiga a ciki ɗis, ɗis. Auta ta ja rigata ta ce, "Baba, nan ake alwala?" Wani ma'aikaci ya zo wucewa da tire a hannu, ko kallon ƙasa bai yi ba, ya sa ƙafa ya gyara wa bokitin zama ya wuce. Daga ganin ƙwarewar ƙafar nan ka san bokitin ya daɗe a bakin aiki.

Lif kuwa an manna masa takarda, wai ana gyara. Takardar har ta yi ja don daɗewa. Ɗakinmu yana hawa na huɗu, akwatin uwargida kuma ka san halinsa: yaji, kilishi, garin kunu, filas biyu, sai ka ce ƙaura muka yi. Muka dai hau.

Abin da ya fara yi mana maraba a ɗakin wari ne, warin danshin da ya kwana ya tashi a cikin bango shekara da shekaru. Takardar adon bango ta ɓamɓaro daga kusurwa ta rataya, bayanta fumfuna ce baƙa ƙirin. Gadon mai rumfa yana nan yadda aka nuna a hoto, sai dai katifar ta yi kwari a tsakiya, duk gefen da ka kwanta sai ka gangaro. Tagar katako ce ta da, ba ta rufuwa ruf, wani baƙon da ya riga mu ya nannaɗe takardar jerin abinci ya cusa a kafar, Allah Ya saka masa da alheri. Kuma fa kuɗin "ɗaki mai kallon teku" muka biya. Tekun yana nan, ban ce sun yi ƙarya ba. Sai ka ɗaga tagar da ƙarfin tsiya, ka fitar da kai har kafaɗa, ka karya wuya hagu, sannan tsakanin bututun hayaƙi da bangon maƙwabta za ka hango wani ɗan zirin ruwa. Yara suka yi layi, ina riƙe da ƙafafunsu, kowa ya ga rabonsa.

Sai maganar alwala. Tsofaffin gidajen Ingila famfo biyu suke sawa a wurin wanke hannu, na zafi daban, na sanyi daban, kowanne a nasa gefen. Na wannan ɗaki ba su san sulhu ba: ɗaya zai fige kaza, ɗaya kuma ƙanƙara ce da ba ta gama daskarewa ba. Butar da kake yi mini dariya don ina yawo da ita a jaka, ita ta fitar da mu kunya, a cikinta muka riƙa sirkawa. Da dare ya yi aka kunna na'urar ɗumama ɗaki. Ɗumi bai zo ba, amma bututun ya kama aiki, ƙwan, ƙwan-ƙwan, ƙwan, kamar matan gidanmu sun haɗu suna lugude ranar jajibirin biki, har da mai cafe taɓarya. Haka aka yi ta yi har asuba.

Wajen ƙarfe biyu na sauka in kai ƙara. Yaro ɗaya na tarar, bai fi sa'ar ƙaninka ba, shi ne mai karɓar baƙi, shi ne mai amsa waya, shi ne mai gadi, a gini mai ɗakuna fiye da ɗari. A gabana mutum uku suna jira, kowa da bargo a kafaɗa da tasa damuwar. Faɗan da na sauko da shi sai ya bi ruwa. Yaron ya ba ni haƙuri har sau nawa, ya hau hawa huɗun nan da kansa ya kawo mana ƙarin barguna. Ba shi ya kashe zomon ba, rataya aka ba shi.

Da safe ne abin ya taɓa mini zuciya. A tsohon zauren rawa ake karin kumallo. Taubashi, ban taɓa zama a ɗaki mai kyan wannan ba. Rufin ya yi tsayin bene biyu, an yi masa adon furanni da farar ƙasa, aikin hannu, kowane ganye da jijiyoyinsa. Amma kusurwa guda ruwa ya cinye ta, furannin sun zube, an toshe wurin da falanki an shafa farin fenti. Abincin kada ma ka tambaya: ƙwai ya ƙare, naman ba namu ba ne, muka ci wake da burodi, uwargida ta fito da yajinta ta ceci al'umma. Wata dattijuwa mai zuba shayi, wadda ta ce tun tana budurwa take aiki a wurin, ta ga ina kallon rufin sai ta tsaya. Ta nuna mini inda makaɗa suke zama a da, da ƙofar da amare suke shigowa. Ta ce da akwai ma'aikata na musamman da aikinsu kawai su hau rufi su share magudanar ruwa kafin hunturu. An sallame su da daɗewa. Tana faɗa tana goge tebur ɗin da ya riga ya gogu.

Yadda abin ya faru ba ɓoyayye ba ne. Daga shekarun 1960 jirgin sama ya yi araha, Bature ya gane da kuɗin da zai kashe a Bilakful yana rawar ɗari, zai je Sifaniya ya sha rana. Masaƙun ma suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Baƙi suka ragu, otal-otal suka riƙa sauya hannu. Ga kuma doka: gini irin wannan idan hukuma ta sa shi a rajistar gine-ginen tarihi, ko taga ba ka isa ka sauya ba sai da izini, kuma sai ka yi ta irin ta asali, abin da yake cin kuɗi. Dokar tana da kyau, don ba don ita ba da tuni an baje da yawansu. Amma ta hana rushewa ne, ba ta iya sa mai rowa ya ƙaunaci gininsa. Sai mai otal ya rataya hotunan manyan da suka taɓa kwana a wurin, ya karɓi kuɗin tarihi a hannunka, ya sayi bokiti. Da za mu tafi na gaya wa manajan duk abin da muka gani. Ya saurara da ladabi, sannan ya miƙo mini takardar rangwamen kashi 20 cikin 100 idan mun sake dawowa. Uwargida ta yi dariya har da riƙe bango.

A jirgi muna dawowa, gida na riƙa tunawa. Otal ɗin Durbar na Kaduna, wanda aka gina don bikin FESTAC na 1977, ya yi shekaru a rufe ana shari'a a kansa, ciyawa ta cinye, a watan Janairun 2020 aka rushe shi. Daula ta Kano ta zama kango kafin a kawar da ita. Bagauda ta zamanin Audu Bako ita ce ta tsira, don an mayar da ita makarantar horar da lauyoyi. Waɗannan fa siminti ne da ƙarfe. Masallacin Juma'a na Zariya kuwa, da Babban Gwani ya gina da ƙasa tun kafin zuwan Turawa, bakan gizonsa na ciki sun yi shekara da shekaru a tsaye. Kai ma kana ganin yadda baƙi suke tsayawa ɗaukar hoto a fadar Garu ta Dutse ranar hawan salla.

To ga amsarka: ban yarda a taɓa zauren Kaka ba. Ka ce ya tsufa, yana yoyo. Yaushe rabon da a yi masa yaɓe? Tun rasuwar Malam, dattijon gidanmu, babu wanda ya hau rufin nan. Da yana raye, ana gama girbi zai sa a haƙo ƙasa, a zuba ciyawa, mu tattake da ƙafa, a bar ta ta ruɓa, a jiƙa makuba, kafin ruwan farko an shafe ko'ina sumul. Kai ne ma mai gudu ka ɓuya a bayan rumbu idan an ce a ɗauko ruwa, ban manta ba. Zauren nan daurin guga ne, azararsa giginya ce da ta girmi iyayenmu, a cikinsa aka ɗaura auren Goggo, wato ba don shi ba da babu kai. Na tabbata indararon gabas ne ya toshe, ruwa yake kwanciya a rufi. Ka kuma ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa gidajen ƙasa a Ringim da Haɗeja, wanda gindinsa ya zaizaye shi yake fara faɗuwa. Idan muka bar shi haka wata damina biyu, ba sai ka nemo masu rusau ba.

Shaguna kuwa ban hana ka ba. Ga filin bayan gida mai kallon titi, inda kake ɗaure akuyar nan mai shiga saƙon murya. Yi huɗunka a can, in kana so ka ƙara na biyar.

Na turo kuɗi ta asusunka jiya. Ka nemo tsohon maginin nan na Limawa da ya yi wa Malam aiki, in ƙarfinsa ya ƙare ya zauna a inuwa ya nuna wa yaransa. Kada ka kawo mini mai bulo ya shafa siminti a kan ƙasa, ɓamɓarewa zai yi ya tafi da bangon. A duba azara ɗaya bayan ɗaya, wadda gara ta taɓa a sauya, a buɗe indararo, a ɗaga gindin bango. Ka riƙa turo mini hoto kowane mataki, kuma ka tsaya a cikin hoton da laka a ƙafarka don in tabbatar. Abin da ya yi saura kuɗin shararka ne na bana, kada ka je ka gaya wa Goggo ubangidanka ya hana ka haƙƙinka.

Wani ɗan Birnin Kudu da muke aiki tare zai zo gida wata mai zuwa, zan ba shi lambarka. Ka haɗo shi da dabinon Dutse, busasshe, mudu biyu, a auna a gaban Goggo. Ka gaishe ta da kyau, ka ce maganin gwiwarta yana cikin saƙon da zai kawo. Ka gaida amarya da yara da liman da mutanen majalisa. Uwargida da yara suna gaishe ku.

Wassalam.

Naka,
Ubangidanka na Manchesta