Bawana na Zazzau, Prado ba ta shiga lungu

Gaisuwar ubangida zuwa ga bawansa na Birnin Zariya. Barka da arziki, Allah Ya raya, Ya ba mai jego lafiya. 'Ya'ya sun zama huɗu ke nan, ga kai, ga uwargida, ga Hajiya da ake kaiwa asibitin Shika ganin likita. Mutum bakwai cif, babur kuwa ya yi iya yinsa, Allah Ya saka masa. To sai labari ya iso mana Kano wai ka miƙe a majalisa ka gyara babbar riga, ka yi shelar cewa kai Prado za ka saya, domin ita ce daidai da matsayinka. Na ce to, halin ya motsa. Bazazzagi ko kunu zai saya sai ya yi wa mai kunu lacca a kan darajar gidansu.

Bari ubangidanka ya taimake ka, tunda ciniki gadonmu ne, ku kuma an bar ku da dogon Turanci.

Ka fara da ƙofar gidanka. Magabatanku da suka shata lungunan cikin ganuwa, daga Ƙofar Doka har Kwarbai, doki da jaki suka auna, ba su san da zuwan jif ba. Faɗin Prado ya kusa mita 1.9, ban da madubai. A lungunku kuwa akwai kwata a hagu, dakalin maƙwabci a dama, ga mai ƙosai da kaskonta daidai bakin kwana. In ka samu ka cusa hancin motar, ta ina za ka buɗe ƙofa? Sai dai a zaro ka ta taga, malum-malum da hula da duk abin da ya rage na matsayin. Ƙarshenta a bakin titi za ta riƙa kwana, kana biyan mai gadi, kai kuma ka tako da ƙafa zuwa gida ɗauke da buhun shinkafa a ka.

Sai batun mai. Ka san tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta taɓa 1,000. Tankin Prado lita 87 yake ci. A wancan farashin, cika shi sau ɗaya naira 87,000 ke nan, ga kuɗin makarantar yara, ga ragon suna da na ji har yanzu ba ka gama biya ba. Mun san irinku a gidan mai: a sauke gilashi kaɗan, a yi ƙasa da murya, a ce wa yaro zuba na dubu uku.

Na san za ka ce to Sienna fa? Nan kam ka yi magana, domin ƙofarta ta baya zugewa take yi, kuma duk mai ƙananan yara ya san amfanin wannan. Yaro ba zai banko ƙofa ya bugi motar maƙwabci ko ɗan acaɓa ba, mai jego kuma za ta shiga da goyonta ba tare da ta yi ruku'u ba. Ciki kuwa ɗaki guda. Amma tsawonta ya haura mita 5, faɗinta ya kusa mita 2, injinta mai fulogi shida ne. Mota ce da aka ƙera wa mutanen Amurka masu gareji kamar filin Idi. Kai da na sani, wanda ribas ɗinsa sai an tara yaran unguwa suna ta “zo, zo, tsaya!”, ranar da ka je fakin da ita a kasuwar Sabon Gari sai an rufe hanya.

Sharan tana da kujera bakwai, ba ta kai Sienna tsawo ba, kuma babu bakaniken da bai san cikinta ba. Matsalarta ɗaya: ta riga ta zama motar tasha. Kana tsayawa a Kwangila fasinja za su buɗe su shige suna tambayar nawa ne Kano, kuma na san ka, karɓa za ka yi. Vibe kuwa, wadda injin Toyota ne a cikinta ko da sunan Pontiac take ɗauke da shi, ba ruwanta da shan mai, fakin ɗinta kamar wasa, sai dai mutum biyar take ɗauka. Wa za ka fara bari a gida, Hajiya ko uwargida? Ka amsa a gabansu in ka isa.

Abin da zan zaɓa maka shi ne Corolla Verso, samfurin 2004 zuwa 2009, wanda Toyota ta ƙera a Turkiyya domin kasuwar Turai, inda su ma tsofaffin garuruwansu suke da matsattsun hanyoyi. Tsawonta bai kai mita 4.4 ba, wato ba ta ma kai wasu ƙananan motocin da ake yanga da su a Kaduna ba, amma kujerunta bakwai. Biyun can baya suna naɗewa su kwanta a daɓen but. Ranar zuwa kasuwa ka kwantar da su ka loda kaya, ranar zuwa suna ka tashe su ka zuba yara. Na yara ne fa, kada ka tura surukinka can ya fito ƙafa a sage. Kuma idan mutum bakwai suka cika, abin da ya rage na but bai wuce wurin kular abinci da jakar jariri ba. Ka nemi mai injin fetur 1.8, fulogi huɗu, danginsa ɗaya da na Corolla, saboda haka kayan gyaransa ba sa wuya. In Zariya ta gaza, ka zo Ƙofar Ruwa mu sayar maka, da ribar ubangida a kai. Ka guji mai dizal. Ka kuma guji mai giyar nan da ake kira MMT, wadda ba ta hannu ba ce sosai, ba kuma otomatik ba, ta sha ba masu ita ciwon kai. Sayi mai giyar hannu, ƙafar hagunka ta koyi taka kuloci, dama ba ta da aikin yi sai karkaɗawa a majalisa. Opel Zafira ma tsarinsu ɗaya, kujera bakwai a gajeren jiki, in ka samu mai lafiya kuma bakanikenka ya yarda da ita.

Kada ka raina ta don ba ta da tsayi. Iyayenmu da Fijo 504 doguwa, wadda aka riƙa haɗawa nan kusa da ku a Kakuri, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, suka yi renon gidaje masu mutum goma sha, ba wanda ya ce sai jif. Gaskiya ɗaya da zan ba ka ita ce ta damina: cikin Verso yana kusa da ƙasa, in ta yi lodi sai ka bi ramuka da lallami.

Ranar ciniki kada ka tafi da 'yan rakiya masu cewa “ranka ya daɗe, ta dace da kai”. Tafi da bakanike, ka biya shi kuɗin yininsa. Ya shiga ƙarƙashinta ya duba tsatsa, domin motocin ƙasashen sanyi gishirin da ake zubawa a titi saboda ƙanƙara yana cin cikinsu. Ya ɗaga kafet ya shinshina ko ta taɓa nutsewa a ruwa. A tayar da injin da safe yana sanyi, ba bayan dillali ya gama ɗumama shi ba. Takardun kwastan ka gan su da idonka, lambar jikin mota ta yi daidai da ta takarda, in ba haka ba wata rana a hanyar Kano za a sauke ku da kular abincinku. Bayan an saya, 'yar sakatar nan da ke gefen ƙofar baya, mai hana yaro buɗewa daga ciki, ka danna ta. Jariri kuma wurinsa baya, ba cinyar uwargida a gaba ba, inda jakar iska take.

Saura raɗe-raɗin da nake ji cewa kana yawan zarya Tudun Wada bayan isha'i. In gaskiya ne, ka manta da duk abin da na faɗa, ka fara tambayar kuɗin Hiace. Kafin nan dai, ka ari igiyar awo wurin tela ka auno lungun daga bango zuwa kwata, ka taho Kano ranar Asabar da lambar a rubuce, kada ka ƙara mata ko taƙi ɗaya don kuri. Ka haɗo da kuɗin sharar bara da ka maƙale.