Ƙwai Sittin da 'Yan'uwa Uku na Bagadaza

Kaza ba ta iya lissafi ba. Za ta hau ƙwai goma ko sha biyu, ta kwanta a kai kwana 21, ta daina saka wani, ta rame, sannan ta fito da 'yan tsaki ta raba su da shirwa. Ni kuwa malamin makaranta ne a Mubi, kuma malamin makaranta idan wata ya yi nisa babu abin da ba ya lissafawa. Na lissafa cewa akwatin katako ɗaya zai ci ƙwai sittin, kuma abin da ƙwai yake nema wurin uwarsa bai wuce uku ba: ɗumi na digiri 37 da rabi zuwa 38, ɗan danshi, da juyi safe da yamma. Juyi ina da hannu. Danshi akwai tasar ruwa. Ɗumi ne kaɗai abin nema, kuma wutar lantarki a unguwarmu ta Lokuwa ba wadda za ka bar wa amanar rai ba ce.

Sai na koma ga fitilar ƙwai. Kafinta ya buga akwati. Wani dattijo mai gyaran fitilu a bakin babbar kasuwa ya naɗa mini bututun gwangwani da zai kwashi zafin fitila, ya ratsa cikin akwatin, ya fitar da hayaƙi ta baya. Ƙwai kuma daga Gella na sa aka tattaro mini, na kajin gida masu yawo da zakara, don na san na gidan gona ko shekara za a yi ana ɗumama su ba za su ce uffan ba.

Duk wanda ya yi karatun dare da fitila ya san halinta. Kananzir ba tura shi ake yi ba, hawa lagwani yake yi da kansa. Idan tanki a cike yake, tafiyar gajeriya ce, wuta ta tsaya kyam. Idan mai ya ja ƙasa, tafiya ta yi tsawo, abin da ke isa sama ya ragu, sai ka ga harshen wuta ya langaɓe kamar ma'aikaci a ƙarshen wata. Mai karatu zai matso da littafi ne kawai. Ƙwai kuwa ba ya matsowa. Don haka na shiga tashin dare da mazurari da galan, ina ƙara mai, ina duba ma'aunin zafi, ina komawa shimfiɗa da hannu mai wari. A aji ɗalibai suka fara tambayata ko ba ni da lafiya.

Uwargida ba ta hana ni ba, lissafinta kawai ta yi a bayyane.

"Malam, kananzir ɗin nan da gwamnati ta cire wa tallafi tun 2016, ya tashi daga naira 50 zuwa 83 muka ce duniya ta tashi, yanzu lita ta haura dubu. Ni na ajiye risho na koma gawayi, kai kuma shi za ka riƙa ba ƙwai?"

Na ce mata jari ne. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa mai tafiya cirani sallama.

Maganin tashin dare kuwa a littafi na tsince shi. A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, an yi wasu 'yan'uwa uku, Muhammad da Ahmad da Alhasan, 'ya'yan Musa ɗan Shakir, waɗanda ake kira Banu Musa. Wajen shekarar 850 suka fitar da Kitabul Hiyal, littafin dabaru mai na'urori kusan ɗari, kuma a ciki akwai fitila mai ƙara wa kanta mai, har da wadda ke turo lagwaninta da kanta. Kafin su ma wani Bagirke mai suna Filon, a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, ya bayyana irin wannan fitila. Sirrin bai fi na abin shayar da kaji da ake sayarwa a kasuwa ba. Ka cika kwalba, ka kife ta, bakinta ya nutse cikin man da ke ƙasa. Muddin bakin a nutse yake, iska ba ta da hanyar shiga, mai ba zai sauko ba. Da zarar wuta ta sha, bakin ya bayyana, iska ta yi ɓul ta shige, mai ya sauko daidai gwargwado ya sake toshe bakin. Babu batir, babu waya, babu tashin dare.

Na zana wa dattijon mai gyaran fitilu a bayan takardar jarrabawa. Ya daɗe yana kallo.

"Malam, mai a sama, wuta a ƙasa?"

"Haka malaman Bagadaza suka yi, Bappa."

"To, su sun san garinsu."

Ya samo gwangwanin lita huɗu, ya liƙe shi da dalma, ya fitar da siririn bututu zuwa tankin fitila. Daren farko na kwanta ina sauraron ɓul, ɓul daga ɗakin ajiya, ina jin daɗin da ban ji ba tun ranar da aka tabbatar da ni a aiki. Na yi barci har sai da ladan ya tashe ni.

Abin da ya biyo baya laifin rana ne. Watan Afrilu ne, lokacin da kogin Yedzaram ke komawa rairayi, zafin Mubi yana taɓa digiri 40 a inuwa, ɗakin ajiyar kuma rufin kwano ne babu silin. Gwangwanin ya sha ya kai rabi, sauran rabin iska ce. Ita kuwa iska idan ta tashi daga sanyin asuba na digiri 25 zuwa 40 tana kumbura da kusan kashi 5 cikin 100. Iska lita biyu ta nemi ƙarin wuri, ba ta da ƙofa sai ta ƙasa, sai ta tunkuɗo kananzir wajen rabin kofin shayi cikin tankin da ma a cike yake. Mai ya tumbatsa, ya bi jikin fitila, wuta ta ce ga ni nan. Ina aji ina koyar da rabawa aka aiko yaro a guje. Na tarar uwargida ta riga ta kashe ta da jiƙaƙƙen buhu da yashi, kunkunniya ta rufe bango, kuma kayan sallar yara da aka rataye a ɗakin sun ɗauki ƙamshin da har yau omo bai gama da shi ba. Ƙwai dai suna cikin akwati lafiya. Na nuna wa kowa wannan, babu wanda ya taya ni murna.

Abokina mai koyar da kimiyya ya zo jaje, ya zauna ya yi dariya har da tari. Ya ce wannan ciwo tsoho ne. Fitilar Argand, mutumin Janeba da ya yi rajistar ƙirarsa a Ingila a 1784, ita ma tankinta a sama yake a kife, saboda man da ake ƙonawa a lokacin mai kauri ne, ba ya iya hawa lagwani mai nisa, kuma ita ma takan yi ambaliya idan ɗaki ya ɗumama, shi ya sa ake rataya mata ɗan kofi a ƙasa. A 1800 wani Bafaranshe mai suna Karsel ya sa wa fitila famfo mai aiki da wani irin injin agogo don ya riƙa turo mai daga ƙasa. Duk wannan wahala ta ƙare ne da kananzir ya shigo bayan 1850, mai ruwa-ruwa, mai hawa da ƙafarsa, aka mayar da tanki ƙarƙashin wuta kowa ya huta.

"Kai kuma ka mayar da shi sama," in ji shi. "Shekara 170 ka ja duniya baya, a ɗakin ajiya."

Ni abin da na ɗauka daga jawabinsa shi ne ina kan hanyar manya.

Dabara ta biyu makanike ne ya ba ni, mai gyaran ƙananan janareto a Sabon Layi. Ya kwance tsohon kafireto ya nuna mini cikinsa: ɗan kofi, a ciki wata 'yar roba mai yawo a kan mai wadda suke ce wa fulot, a jikinta allura mai tsini. Mai ya cika, fulot ya taso, allura ta toshe ƙofa. Mai ya ragu, fulot ya sauka, ƙofa ta buɗe. Tankin sama kuma a buɗe yake ga iska, don haka rana ta yi ta dukansa, babu abin da zai kumbura. Kowane babur da kowace keke mai ƙafa uku da ke da kafireto da wannan suke yawo a gari. Ya ja tiyo daga ƙasan kofin zuwa tankin fitila, yadda tsayin mai a nan zai zama tsayin mai a can. Bai gama ba sai bayan isha'i. Na zuba komai a buhu: galan, kafireto, tiyo biyu, fitila, da wani tsohon agogon tebur da ya gyara mini kyauta.

A bakin layinmu 'yan sintiri suka haska ni.

Wanda bai san Mubi ba sai ya ce sun cika zargi. Amma garin nan Boko Haram sun shige shi a ƙarshen Oktoban 2014, har suka sake masa suna, sai a Nuwamba sojoji da mafarauta da 'yan sa-kai suka ƙwato shi. Tun daga nan buhun dare ba ya wucewa sai an gaisa da shi. Aka buɗe nawa. Galan na mai, tiyo, ƙarfe mai allura, da agogo yana ƙas, ƙas. Na ga samarin sun ja da baya a tare, ba tare da kowa ya ba da umarni ba.

"Baba, mene ne wannan?"

"Na'ura ce mai aiki da kanta. Kana saita ta ka tafi abinka."

Shiru.

"Ka tafi, ita kuma ta yi me?"

"Ta riƙa ba wuta mai. Ai ba ƙirƙirata ba ce, wasu 'yan'uwa ne uku a Bagadaza."

"Kana da 'yan'uwa a Bagadaza?"

Daga nan maganar ta fi ƙarfin tsaye, aka ce in zauna a ƙasa, nesa da buhun. Na ambaci ƙwai, na ambaci Gella, na ambaci shekarar 850, wani ya ce a rubuta lambar. Sai da aka taso mai unguwa da jallabiyar barci, ya haska fuskata, ya ce, "Af, ai malamin da ya kusa ƙone gidansa ne shekaranjiya." Ban taɓa zaton wannan shaida za ta yi mini daɗi ba.

Kafireto kuwa ya yi aiki, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Na saita lagwani da sanyin asuba har ma'auni ya tsaya a 38, na tara mutanen gida, na kafa doka: daga yau babu mai taɓa fitilar nan, ta san aikinta. Uwargida ta ce, "Ko da rana, Malam?" Na ce ko da rana. Ta ce to.

Na dawo bayan la'asar na tarar da wuta tsaye kyam, tsayinta na asuba, ko ɗigo bai zuba ba. Na buɗe akwati, zafi ya mare ni. Ma'aunin da na sa irin na auna zazzaɓi ne, iyakarsa 42, kuma ya kai iyakar ya fashe. Na fasa ƙwai ɗaya, farin ya fara kamawa. Na fasa na biyu don adalci.

A nan ne uwargida ta ba ni labarin da ban nema ba. Ashe tun ranar da na kafa akwatin nan, kullum hantsi ya ɗaga sai ta shiga ta sa bayan hannu a kan ƙwai, ta rage lagwani, da azahar ma ta kashe fitilar ɗungurum, don ɗakin da kansa ya fi cikin kaza zafi. In rana ta yi sanyi ta kunna, kafin in shigo da ma'aunina in yaba wa kaina.

"Me ya sa yau ba ki rage ba?"

"Ka ce ta san aikinta."

Abokina mai kimiyya ya sake zuwa, wannan karon da rakiyar wasu malamai biyu da ban gayyata ba. Ya ce na daidaita mai, alhali zafi ƙwai yake so a daidaita masa. Akwatunan ƙyanƙyasa masu fitila, tun wanda Charles Hearson ya yi wa rajista a Ingila a 1881, ba sa damun kansu da tanki. Wani ɗan faifan ƙarfe ne mai rufaffen ciki suke sawa kusa da ƙwai, da ɗigon eta a ciki, ruwan nan da a da likitoci suke sumar da mara lafiya da shi, wanda ke tafasa tun wajen digiri 35. Zafi ya yi yawa, faifan ya kumbura, ya tura sanda, sanda ta ɗaga murfin bututu, zafi ya fice sama. Ya huce, murfi ya koma. Ya faɗi wannan ne don in haƙura. Ni kuwa na ga saura ƙiris: kafireto yana nan, akwati yana nan, dattijon kasuwa zai iya liƙe murafun gwangwani biyu su zama faifai. Eta kawai ta rage.

Ranar Asabar na shiga wani kemis a hanyar kasuwa, na gaida mai shagon, na tambaye shi ko yana da ruwan sumar da mutane, ɗan kaɗan nake so, wanda zai kumbura ƙarfe idan ya ji wuta. Ya dube ni, ya dubi buhun da ke hannuna, ya ce in ɗan zauna yana zuwa. Ya fita da waya a kunne.

Ban zauna ba.