Ka Ce Wahalar Banza Ce?

Na ji ka, malam mai gardama. Ka ce mutum yana da gida, yana da gado da katifa, sai ya loda tanti da jarkoki a mota ya tafi kwanan daji, wai shaƙatawa? Ka ce a kai shi a yi masa ruƙiyya? To gyara zama, yau da kai nake.

Hanyar Eyre nake nufi, a kudancin Ostireliya, daga Port Augusta zuwa Norseman, fiye da kilomita 1,600, wadda ta ratsa filin Nullarbor inda za ka yi ta zabga gudu ba ka ga bishiyar fakewa ba. Ka ce tuƙi ne kawai, wa bai iya ba? Sannu gwani! Tsakanin Caiguna da Balladonia akwai kilomita 146 a miƙe sambal, babu kwana ko ɗaya, sai kwanan da zai sace ka a kan sitiyari. Tazarar wani gidan man da na gaba kuwa takan kai kusan kilomita 200, kuma kada ka sa ran a cika maka jarkar ruwa don Allah da Annabi.

Ka ce hamada ai zafi ce? Je a watan Yuli, lokacin hunturunsu, ka kwana a tanti da singileti. Da asuba mu ga ko yatsunka za su iya ƙyasta ashana.

Ka ce kai ba a fi ka iya guzuri ba, ga albasa, ga tumatir, ga kwalbar zuma? Kai su iyakar jihar Yammacin Ostireliya mana. Akwai shingen bincike da ke karɓe ɗanyen kayan lambu da 'ya'yan itace da zuma saboda gudun cututtukan amfanin gona. Kafin shingen za ka ga matafiya tsaye a bayan mota suna cusa ayaba da lemo, kumatu a cike, don kada a zuba musu a kwandon shara. Kai da albasa ka zo, sai ka ci abarka ɗanya.

Yanzu ga inda za ka ce na fara shara ta: a bakin hanya akwai allo ruwan ɗorawa mai hoton raƙumi. Raƙumi a can? Ƙwarai kuwa. A ƙarni na 19 aka kawo su tare da masu kora daga Afganistan da Indiya, akasarinsu Musulmi, har masallacinsu na nan a garin Broken Hill. Da mota da jirgin ƙasa suka karɓe aikin, sai aka sake su a daji, suka hayayyafa dubbai. Shi ya sa mai hankali ke kafa tantinsa kafin magariba, don da duhu ya yi raƙumi da kangaru ba su san hannun hanya ba. In kuma tsautsayi ya faɗa, an shata wasu sassan kwaltar domin jirgin saman likitoci ya sauka.

Ka ce to me ake gani, ban da ƙura da ƙuda? Sauka daga kwalta kaɗan zuwa gaɓar Bunda. Ƙasa ce ke yankewa kwatsam kamar an sa wuƙa, teku na dukan dutse can ƙasa da ƙafarka. A Head of Bight, daga Yuni zuwa Oktoba, manyan dabbobin tekun nan da ake kira wel kan zo su haihu, kana tsaye kana kallon uwa da ɗanta dab da gaɓa. Har yanzu katifarka ta fi?

Ka ce daji ne, ba doka ba mai gani? A 1979 tarkacen tashar sararin samaniya ta Amurka, Skylab, ya zubo a yankin Balladonia. Ƙaramar hukumar Esperance ta ci NASA, hukumar da ke da tashar, tarar dala 400 saboda zubar da shara. NASA fa! Kai kuma da kake wurga ledar fiyawata ta tagar mota, ka shirya nawa?