Yadda Ake Zama da Baƙon da Ba Ya Biyan Haya

'Yar'uwa, kin tsallake watanni ukun laulayi, lokacin da ƙamshin suyar albasa daga gidan maƙwabta ke tayar miki da zuciya. Yanzu kin shiga wata na huɗu zuwa na shida, wato mako na 14 zuwa na 27, zangon da ƙarfi ke dawowa, abinci ya koma daɗinsa. Baƙonki kuwa ya shimfiɗa tabarma, ya ce sai wata tara. Ga yadda za ku zauna lafiya.

Na ɗaya, ki sassauta ɗaurin zani. Hijabi zai rufa miki asiri na ɗan lokaci, musamman in cikin fari ne kina kunyar surukai. Amma baƙon da bai fi lemo girma ba a mako na 14, zai kai giram 300 a mako na 20, ya doshi kilo guda a mako na 27. Ranar da uwar miji ta karɓe taɓarya daga hannunki ba tare da ta ce uffan ba, to labari ya gama gida.

Na biyu, ki saurari sallamarsa. Motsin farko yakan zo tsakanin mako na 16 da na 24, mai cikin fari kuma takan ɗan makara kafin ta gane shi. Da fari kamar iska ce ke yawo, daga baya sai shuri na gaske. Kina tafiya yana barci, don tafiyar lilo ce a gare shi. Kina kwanciya sai ya buɗe filin ƙwallo. Kafin wata na shida ya ƙare yana jin muryarki da bugun zuciyarki, ƙara mai ƙarfi ma tana firgita shi. Saboda haka a rage gulma a tsakar gida, akwai mai saurare. Ki yi masa hira, ki yi karatu a kusa da shi.

Na uku, ki iya da kwaɗayi. In kin ji tsire ko agwaluma kike so da goma na dare, ki ce wa maigida, "Ba ni ba ce, baƙo ne ya aiko." Babu mai musa wa baƙo. Sai dai cin mutum biyu ba kwano biyu ba ne. Abin da yake gina jini da ƙashi da shi yake nema: wake, zogale, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa. In ƙwannafi ya matsa, ki riƙa ci kaɗan-kaɗan, kada ki kwanta da gama ci. Ƙwayar ƙarin jini kuma kada ki kora ta da shayi, don yana rage amfaninta. Lemon zaƙi ne abokin tafiyarta. In ranki ya biya farar ƙasa, wannan aike kada ki isar, ki faɗa a wurin awo, domin sau da yawa alamar ƙarancin jini ce.

Na huɗu, ki bar masu hasashe su ci kasuwarsu. Gwaggo za ta ce ciki ya yi tsini, namiji ne. Inna ta ce ya baje, mace ce. Ki yi murmushi, dole ɗaya ta ci. Hoton ciki da ake yi tsakanin mako na 18 da na 22 ya fi damuwa da zuciyar jariri da kansa da ƙashin bayansa, da inda mabiyiya ta zauna.

Na biyar, nan babu wasa: awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa. A wannan zangon ake fara shan Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, aƙalla sau uku, wata guda tsakani, ga allurar tetanus, ga kwana cikin gidan sauro. In kika ga jini ko zubar ruwa, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, ko zazzaɓi, ko motsin da kika saba ji ya ragu, a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Sauran kuwa, ki yi barcinki a kan gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ki taka zuwa gidan 'yan'uwa tun tafiya tana da sauƙi. Bayan wannan zangon, wata uku za su rage baƙo ya fito gaisuwa. Allah Ya sauke ki lafiya. Maigida, a fara taya rago.